Ciwon Daji Ya Kama Karyar da Ke Yi wa Babana Jagora

Assalamu alaikum Admin da duk 'yan wannan zaure, ina fatan kowa ya tashi lafiya. Admin ka taimaka ka sa mini wannan ba tare da sunana ba, don akwai 'yan garinmu a nan, wasu ma sahu ɗaya muke bi a masallaci. Jama'a shawararku nake nema don Allah, kuma ina roƙo tun yanzu, wanda ya san dariya zai yi ya wuce abinsa, dariyar da na sha a makonnin nan ta ishe ni. Maganar kare ce. E, kare, karya ma kuwa. Na san tun daga nan wasu sun fara rubuta a'uzubillahi, to ku daure ku kai ƙarshe tukuna, in ya so sai ku rubuta abin da kuka ga dama. Ni dai tsoro ne ya kama ni, kuma kwana uku kawai suka rage mini in yanke hukunci.

Ni malamin firamare ne a nan cikin Daura, amma asalinmu wani ƙauye ne ta hanyar Dutsi, kuma can mahaifina yake har yanzu, shi da ƙanwarsa da muke ce wa Goggo, ita take yi masa girki tun rasuwar mahaifiyarmu. Baba ɗan farauta ne tun yana saurayi, irin waɗanda da an kawar da amfanin gona sai su saɓa kere su sa karnuka a gaba, sai a kwana biyu ba a ga ƙeyarsu ba. Wajen shekara shida da suka wuce idonsa ya fara tafiya, hawan jinin ido aka ce, mun yi yawon asibiti har mun gaji, yanzu dai ban da haske da duhu ba abin da yake bambancewa. Da abin ya tabbata sai ya rabar da karnukansa ga abokan farauta, ya bar guda ɗaya, wata baƙa mai farin ƙirji, shi ya sa yake ce mata Hankaka.

Sai kun san halin Baba za ku gane sauran zancen. Mutum ne mai zuciyar tsiya, Allah Ya yafe mini, ubana ne amma gaskiya ce. Ranar da aka fara kawo shawarar a samo mai riƙe masa sanda yana jan sa, kwana biyu ya yi bai kula kowa ba, daga baya ya ce ba wanda zai ja shi a garin da ya san kowane kututturen da ke cikinsa. Abin da ya yi shi ne ya samo 'yar ƙararrawa ya ɗaura wa Hankaka a wuya, tana gaba yana bin ƙarar. Wallahi ba wanda ya koya mata, ita da shi suka san yadda suka yi. In akwai rami ko an kafa turke a hanya sai ta tsaya cak, da ƙarar ta ɗauke shi ma sai ya tsaya ya laluba da sanda. Haka take kai shi gona, ta kai shi majalisar tsofaffi a gindin tsamiya, ta kai shi bakin masallaci sannan ta koma can nesa ƙarƙashin darbejiya ta kwanta har a sallame. Baƙo in ya gan su ba zai ce makaho ba ne, sai ya ɗauka tsoho ne kawai mai tafiya a hankali. Kuma kafin wani ya ɗauko mini wa'azi, ba ta shiga ɗaki, ba ta kusantar buta ko tabarmar salla, kaskonta daban, makwancinta bayan rumbu, kuma Baba ya riga ni da ku sanin yadda ake wanke hannu.

Bana bayan an gama yankan gero, Baba yana cire mata kaska, da yake da hannu yake ganin komai, sai ya ji wani ƙullutu a ƙasan cikinta, jikin ɗaya daga nonuwan baya, bai fi ƙwallon dabino ba. Bai gaya mini ba. Shi a ganinsa maruru ne, ko ƙaya ce ta karye a ciki ta tara ruwa, abin da ya saba gani a jikin karnuka shekara da shekaru. Da ya ji yana ƙaruwa sai ya aika aka kira amininsa na farauta, wani tsoho ɗan uwansa a taurin kai, suka yi abin da suka saba yi, wato sakiya. Aka sa basilla a wuta ta yi jajir, Baba da kansa ya riƙe mata kai yana lallashinta, aminin ya huda wurin don mugunya ta fita. Ba mugunya, sai jini. Suka ce bai nuna ba ne, bayan sati ɗaya suka sake yi.

Ni duk Asabar nake hawa babur in je gaishe shi, amma ban lura ba, don gaskiya ni ba taɓa ta nake yi ba, iyakata da ita in kira sunanta ta kaɗa mini wutsiya. Sai ranar da na ga ƙuda na bin ta, tana ta lasar wuri ɗaya, na durƙusa na leƙa. Abin ya kai girman lemo, ya buɗe baki, gefensa ya yi tauri, an barbaɗe shi da toka da garin wani sassaƙe. Na ɗauki hoto a waya na nuna wa wani likitan dabbobi a nan Daura, mutumin kirki, sai dai aikinsa shanu da tumaki ne. Ya bi ni har ƙauyen ya duba, ya wanke wurin ya yi mata allura, sannan ya ja ni gefe ya ce wannan ya fi ƙarfin kayan aikinsa, in kai ta babban asibitin dabbobi a Kano a yi gwaji.

To nan na ga ta kaina. A tasha da na ce da kare zan yi tafiya, direban wani kallo ya yi mini, ya ce ko kujerun duka zan saya ba zai ɗauka ba, wa zai sake shiga motarsa. 'Yan kamasho kuwa suka samu abin nishaɗi, wani yana cewa malam a ba ta gidan gaba, wani yana tambaya ko fasfo zan je yi mata. Ƙarshe wani abokina mai a-kori-kura da ke kai tumaki kasuwar Mai'adua shi ya rufa mini asiri, muka shimfiɗa mata buhu a baya muka tafi da sassafe. Baba kuwa ce masa na yi allura kawai za a yi mata mu dawo. Da muka iso gab da magariba, Goggo ta ce tun fitarmu bai motsa daga zaure ba, azahar da la'asar a nan ya yi su, furar da ta kai masa ko buɗe ta bai yi ba. Wuni ɗaya ke nan fa da ba ta nan.

A Kano wata likita ce ta duba ta, matashiya, ita ce mutum ta farko da ban ga alamar dariya a fuskarta ba. Ta ɗebi wani abu daga kumburin da allura, aka ɗauki hoton ƙirji, ta ce in jira waya. Bayan kwana goma ta kira ni, ina cikin aji, na fito na tsaya a baranda. Ta ce ciwon daji ne, na nono, kuma kumburin biyu ne ba ɗaya ba, akwai ƙarami a bayan babban, sannan kaluluwar da ke kusa ta tashi. A hoton ƙirjin akwai wani ɗan tabo a huhu, ba ta da tabbas ko dajin ne ya kai can ko tsohon tabo ne na tsufa. Ban san lokacin da na zauna a kan dakali ba, sai da hedimasta ya zo yana tambayata ko rasuwa aka yi mini.

Hanya biyu ta ba ni, kuma ba ta ɓoye mini komai ba. Ta farko a yi tiyata a cire nonuwan gefen gaba ɗaya har da kaluluwar. In dajin bai kai huhu ba, za ta iya samun lokaci mai ɗan tsawo cikin lafiya, ta koma bakin aikinta. Amma karyar ta haura shekara goma, akwai yiwuwar in an yi mata allurar barci ba za ta farka ba, in ta farka ma sai ta yi kusan sati biyu a can ana kula da ɗinkin, kuma in tabon nan na huhu daji ne, to an yanka ta ne kawai a banza. Ta biyu a bar ta a gida, a riƙa ba ta maganin rage zafi, a wanke ciwon safe da yamma, a ba ta abinci mai laushi, ta yi watannin da Allah Ya rubuta mata kusa da mai ita. In zafin ya kai inda magani ba ya riƙe shi, akwai allurar da ake yi ta tafi cikin barci. Ta ce in tiyatar nake so, Alhamis ɗin nan ce, don duk satin da aka ƙara amfaninta raguwa yake, in aka wuce haka ita kanta ba za ta ba ni shawarar a yi ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa maganar ta tsaya mini a wuya, don da kare ne kawai da ban dame ku ba. Shekara huɗu da suka wuce wannan ciwon ne ya ɗauke mahaifiyata, kuma a nono. Inna ta ɓoye shi kusan shekara saboda kunya, sai da ya fashe matata ta gani ta gaya mini. Na ce asibiti, Baba da Goggo suka ce ina, ai kowa ya sani daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura ba a sa masa wuƙa, in an taɓa shi da ƙarfe fusata yake yi ya bazu cikin jiki, a bar ta da jiƙo da na shafawa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san wannan maganar. Muka yi ta ja, raina ya ɓaci, har na ce wa Goggo jahilci ne zai kashe mu, maganar da har gobe nake nadamarta. Na ɗauke Inna na kai ta Kano, ni na sa hannu a takardar tiyata. Aka yi, aka fara ƙarin ruwan nan na kemo, gashinta ya zube, ko ruwa ta sha sai ya dawo, matar da take surfa gero kwano biyar ta koma ana juya ta a kan gado. Wata rana ta kama hannuna ta ce, "Ka mai da ni ɗakina, in sha kunun tsamiya in ji kukan awakina." Na ce Inna ki daure, saura zagaye biyu. Ba ta kai na gaba ba.

Likitoci sun ce mun makara ne, da an kawo ta da wuri da wataƙila labarin ya canza, kuma kaina ya yarda da haka, ni ne ma nake yi wa mutane bayani. Amma zuciyata ba ta taɓa yarda gaba ɗaya ba. A zaman makoki Goggo ta faɗa a gaban mata cewa ai sai da aka ce kar a sa mata ƙarfe. Baba kuwa shekara huɗu ko sau ɗaya bai tayar mini da zancen ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har yau in na ga an dama kunun tsamiya sai in ji abincin ya fita raina.

To ku duba inda na tsinci kaina. Mutumin da ya yi imani daji ba ya son ƙarfe, shi ne da hannunsa ya riƙe kan karyarsa aka soka mata basilla mai zafi, har sau biyu. Na tambayi likitar ko sakiyar ce ta jawo, ta ce a'a, ciwon yana nan tun kafin a taɓa shi, kuma ba ƙarfe ke baza shi ba, abin da sakiyar ta yi kawai ta buɗe ciwon da ba zai rufe ba. Amma wa zai shigar da wannan a kan Baba? Ga shi da hawan jini, ranar da ya ga dama ya sha magani, ranar da bai ga dama ba ya ce shi ba kaza ba ne da za a riƙa ba shi ƙwaya. Shi ya sa na kama bakina, na ce musu gyambo ne ya ƙi warkewa, na karɓo maganin rage zafin na nuna wa Goggo yadda za ta riƙa cusa shi a cikin tuwo. Goggon ma ban gaya mata gaskiya ba, don abin da Goggo ta sani da safe kafin azahar ya kai bakin rijiya.

Na nemi shawara iya nemana kafin in zo nan. Matata, wadda ita ta yi jinyar Inna, ta ce a bar ta a gida, wai Inna ma da ake yi wa bayani tana ganewa ga yadda ta sha, balle dabbar da za ta farka a cikin keji da ciki a ɗinke ba ta san laifin da ta yi ba. Likitan nan na Daura shi kuma ya ce in tasa ce tiyatar zai sa a yi, ya ce mutane suna ɗauka bari a gida hutu ne, alhali buɗaɗɗen ciwo irin wannan gaba yake yi, zai yi tsutsa, zai hana ta kwanciya, ƙarshe dai ni ɗin ne zan ce da bakina a yi mata allurar nan. Aminin Baba cewa ya yi su a farauta ba a yi wa tsohon kare haka, in kwanansa ya ƙare da kansa yake shiga daji ya nemi gindin kalgo, a samo wa Baba ɗan kwikwiyo kawai. Kamar abin da Baba da Hankaka suka yi shekara shida suna ginawa a kasuwa ake sayo shi, kuma kamar Baba yana da wasu shekaru shidan a aljihu. Na je wajen wani malami da nake ganin girmansa ina ɗari-ɗari, bai yi mini dariya ba, ya ce tausaya wa dabba abin lada ne, neman magani tausayi ne, sauƙaƙa mata wahala ma tausayi ne, in yi istihara. Na yi, har yanzu zuciyata tana rabe biyu. Kuma don Allah kar wanda ya ce mini ga marayu can suna jin yunwa ni ina ta kare, na san da su, abin da ke tsakanina da su Allah ne shaida.

Gaskiyar magana tsoro nake ji ta kowane gefe. In na ɗauke ta na kai, ina tsoron a kira ni a ce ba ta farka ba, in koma ƙauye da ƙararrawa a aljihu, karo na biyu ke nan na ɗauki mai rai daga gidan nan na kai Kano aka sa wuƙa. Ko ta farka ma, sati biyun nan fa? Mutumin da wuni ɗaya ya ƙi cin abinci, ban san abin da zan tarar ba. In kuma na bar ta, ina tsoron ya zama ba tausayinta ne ya sa ba, tsoron bakin Goggo ne da abin da ya faru da Inna, ya zama tana da sauran kwana a gaba ni na hana ta saboda ragwantaka. Sannan in zuba ido tana ruɓewa a gaban makahon da ba abin da zai iya yi mata sai shafa kai. Da rana ina gaban allo ina rubutu sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da nake koyarwa.

Shekaranjiya Asabar na je kamar kullum. Da hantsi Baba ya ce zai leƙa gona ya ji yadda ake roron wake, ya yi mata fito, ta tashi da ƙyar ta shiga gaba, ni ina biye da su a baya. Mun ɗan wuce rijiya sai ƙarar ta ɗauke. Baba ya tsaya ya laluba da sanda yana neman rami, ba rami, ya laluba hagu da dama, ba komai. Kwanciya ta yi a tsakiyar hanya tana haki, tana kallonsa, wutsiyar kawai take ɗan motsawa. Sannan ya durƙusa ya nemo ta da hannu, ya shafa kanta, ya gangara har wajen ciwon, ya tsaya a nan.

Ni ɗan fari ne, kun san al'ada, tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "malamin makaranta" in yana cikin raha. Ranar sai na ji sunana a bakinsa, cikakke, yadda aka raɗa mini shi.

"Wannan warin na san shi," ya ce. "A ɗakin innarku na ji shi. Idona ne ya mutu, hancina yana nan."

Ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, basillar da ya sa aka soka mata ce ta tayar da shi? Na durƙusa kusa da shi na rantse masa ba ita ba ce, na maimaita duk abin da likitar ta faɗa, har da maganar tiyata da maganar bari a gida, ban rage komai ba. Yana ji bai katse ni ba, amma na san bai yarda da rantsuwata ba. Na ɗauka zai ce kar a kuskura a taɓa ta, wallahi har a raina na so ya faɗi haka, don ya sauke mini kayan. Bai faɗa ba, ga abin da ya ce:

"Wancan karon na ce kar a yi, ka yi. Wannan karon ni na fara sa ƙarfen, ba ni da bakin magana. Abin da ka gani shi za a yi."

Ranar ce na fara ɗaukar kare a hannuna tunda nake. Ba ta da nauyi ko kaɗan, duk ta zube ban sani ba. Na rungumo ta muka juya, ƙararrawar tana kaɗawa a ƙirjina, Baba yana bin ƙarar har gida, mutanen bakin rijiya suna kallonmu. Da zan tafi na tsuguna yi masa sallama, sai ya ce kar in kira wayar Goggo in gaya mata abin da na yanke, ba ya son ya ji a bakin kowa, kuma ni ma ba sai na faɗa ba. Ya ce ranar Alhamis da safe zai zauna a zaure da ita da igiyarta. In ya ji ƙarar mota zai miƙo mini igiyar, in kuma ƙarar babur ɗina ya ji, ya gane.

Na riga na nemi izini a makaranta, abokina mai a-kori-kura ya ce in sanar da shi kafin Laraba da yamma don yana da lodi. Jama'a wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwon, mutum ko dabba, wanda ya kai aka yi tiyata da wanda ya bari a gida, ku gaya mini wanne ne mutum yake iya rayuwa da shi daga baya. In akwai likitocin dabbobi a nan ku faɗa mini gaskiya, karya mai waɗannan shekarun tana tashi daga irin wannan aikin? Malamai kuma ku ce wani abu a kan allurar ƙarshen nan, in ta kama. Zan karanta duk abin da kuka rubuta, har da masu zagi.

Tsohon nan zai zauna a zaure ya kasa kunne. Don girman Allah ku gaya mini, da mota zan je ko da babur?